Littafin aikina a kan kalmar ktizo

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Dattawan ikilisiya sun danƙa mini nazarin Littafi na ranar Laraba daga mako mai zuwa har ƙarshen Yuli, suka ce in zaɓi abin da zan koyar. Na zaɓi kalma ɗaya tak, aikatau ɗin Helenanci da Sabon Alkawari yake amfani da shi wajen faɗin cewa Allah ya yi halitta: κτίζω, ana karanta shi ktizo.

Abin da ya kai ni ga wannan zaɓi, wata baiwar Allah ce da aka yi wa baftisma lokacin Ista. Ta tare ni a bakin majami'a ta ce, "Malam, an ce na zama sabuwar halitta, to ga ni nan yadda nake, fushina bai tafi ba." Na ba ta amsa a ranar, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Muna rera kalmar nan a waƙa, muna faɗinta a bakin ruwa, ban taɓa zama na bi sawunta ba.

Helenancin da na yi shekara ɗaya ce a makarantar Littafi, yau shekara 11 ke nan. Kayan aikina: Sabon Alkawari na Helenanci da Baba Rabaran ya ara mini, tsohon kundin jerin kalmomi na James Strong wanda bangonsa ya fita, da waya. Niyyata darasi takwas, daga ƙarshe in fitar da ɗan littafi na Hausa mai shafi 16. Kashe kuɗi na yau: littafin rubutu biyu da biro N1,500, data N3,000. Ikilisiya ta ba da N10,000.

Laraba, 5 ga Yuni

Bitar haruffa da dare bayan an dawo gona. Eta da iyota suna rikita ni wajen rubutu.

Asabar, 8 ga Yuni

Na gama tattara wuraren. A kundin Strong lambar kalmar 2936 ce. Na lissafa na samu 14, manhajar waya kuma ta ce 15. Na yi ta maimaita ƙirga har fitila ta fara dushewa kafin in gano inda ɗayar ta maƙale: Matiyu 19:4. A wasu tsofaffin kwafe an rubuta "wanda ya yi su" da kalmar poieo, a wasu kuma "wanda ya halicce su" da ktizo. Bugun da Baba ya ara mini ya bi na biyun.

Ragowar: Markus 13:19, Romawa 1:25, 1 Korantiyawa 11:9, sau huɗu a Afisawa, sau uku a Kolosiyawa, 1 Timoti 4:3, sau uku a Wahayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk wuraren nan babu inda mutum ne mai aikin. Ko dai Allah, ko Almasihu. Danginta uku ne: ktisis, halitta ko aikin halittawa, ktisma, abin da aka halitta, da ktistes, Mahalicci, wadda ta zo sau ɗaya kacal, a 1 Bitrus 4:19, inda ake ce wa masu shan wuya su danƙa rayukansu ga amintaccen Mahalicci.

Laraba, 12 ga Yuni

Darasi na farko, mutum 23. Bakin Bahaushe ba ya son "k" da "t" a manne, don haka kowa kitizo yake cewa, na bar su a haka. Mun karanta Wahayi 4:11 tare: kai ka halicci dukkan abubuwa, saboda nufinka kuma suka kasance. Na ce musu wannan ita ce kalmar da ke ayar farko ta Farawa a fassarar Helenanci. Sun rubuta.

Juma'a, 14 ga Yuni

Na je gari wurin Baba Rabaran in nuna masa tsarin darussan. Yana karantawa ya tsaya a layi na uku ya ce, "Ɗana, ka duba wannan da idonka, ko zato ka yi?" Na ce zato ne, Baba, tunda Farawa 1:1 ita ce uwar ayoyin halitta. Bai ce kome ba, ya tashi ya ɗauko Fassarar Saba'in, wato Tsohon Alkawari da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juyawa zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Ya buɗe shafin farko ya sa yatsana a kai. Epoiesen, wata siga ta poieo. "Ya yi." Babu ktizo a wurin, babu ita a duk surar.

Jikina ya yi sanyi, domin mutum 23 sun tafi gida da abin da ba haka yake ba, daga bakina, a cikin ɗakin sujada. A Ibrananci kalmar bara ce, wadda a wannan siga Allah kaɗai ake jingina wa. Amma masu fassarar farko sun ɗauki kalmar yau da kullum, wadda ake cewa an yi tukunya ko an yi biki da ita. Sai a Farawa 14:19, a bakin Malkisadik, aka ce Allah Maɗaukaki wanda ya ektisen (sigar ktizo) sama da ƙasa. Daga baya, a Zabura da annabawa da littattafan hikima, kalmar ta yi ta ƙaruwa. Baba ya ƙara da cewa wani mai fassara da ake kira Akila, a ƙarni na 2 bayan Almasihu, shi ya sa ektisen a Farawa 1:1 cikin tasa fassarar. Ke nan kalmar sannu a hankali ta hau wannan kujera, ba a kanta aka haife ta ba.

Na tambaye shi ko in gyara a takarda kawai in wuce. Ya ce a inda aka yi ɓarin a nan ake kwashewa. Kuɗin mota zuwa da dawowa N2,400, fotokwafin shafi 12 daga littafinsa N600.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Maƙwabcina, malamin allo ne, ya aiko da nama, da yamma na je yi masa barka. Hira ta kai mu ga aikina. Ya tuna mini cewa "halitta" tamu daga Larabci take, tushe ɗaya da Al-Khaliƙ, kuma cikin sunayen Allah da suke karantawa akwai Al-Bari'u. Da na faɗa masa bara ta Ibrananci ya ce ai 'yan ɗaki ɗaya ne. Na rubuta wannan don shafin farko na ɗan littafin.

Laraba, 19 ga Yuni

Kafin addu'ar buɗewa na ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke layin makon jiya, na faɗi yadda kuskuren ya auku. Mama shugabar zumuntar mata ta ce, "Malam, Allah ya ƙara sani." Muka ci gaba.

Darasin yau shi ne ma'anar kalmar kafin ta shiga Littafi. A wurin Helenawan dā, ktizo kafa gari ne, ko zaunar da mutane a ƙasar da ba kowa. Mawaƙinsu Homa da ita ya faɗi yadda aka kafa birnin Tibis. Wanda ya kafa gari shi ake kira ktistes, ana girmama shi har bayan ransa, kamar yadda mutanen Iskandariya suke girmama Iskandar, wanda ya kafa birninsu a shekara ta 331 kafin Almasihu. A wannan birni kuwa aka fara fassarar.

Ina cikin neman yadda zan bayyana, sai Baba mafi tsufa a cikin dattawa ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, ai saran gari kake nufi." Ya ba da labarin yadda kakansa ya zo nan wurin yana kurmi, ya duba inda ruwa yake, ya sari daji, ya ce nan rijiya, nan maƙabarta, nan hanyar shanu, sannan ya kira 'yan'uwa. Ya ce wanda ya sari gari ba lalle shi ya ɗora kowane tubali ba, amma da nufinsa garin ya kasance, shi ya raba wa kowa wurinsa, kuma har yau in rigimar iyaka ta tashi, gidansa ake zuwa. Ban taɓa jin bayanin Wahayi 4:11 da ya kai wannan ba. Maƙeri yana bukatar ƙarfe, magini yana bukatar yumɓu, kuma da ya sayar da tukunya shi ke nan sun rabu. Mai saran gari kuwa yana zaune a cikin abin da ya kafa, ana kiran wurin da sunansa.

Asabar, 22 ga Yuni

Noman farko a gonar masara. Ban buɗe littafi ba kwana uku.

Alhamis, 27 ga Yuni

Jiya ba a yi nazari ba. Hadari ya haɗo tun la'asar, ruwa da iska har tsakar dare, mutum huɗu ne suka iso majami'a muka yi addu'a muka watse. Da na dawo gida na tarar iska ta ɗaga kwano ɗaya daidai saman teburina. Littafin Baba Rabaran yana cikin leda, Allah ya tsare. Amma littafin rubutuna na farko, inda na kwafe ayoyi 13 da Helenanci da hannuna, kowace da fassarata a ƙasa, ya sha ruwa. Tawada ta narke daga shafi na 4 zuwa na 19. Aikin dare goma sha biyu ne.

Uwargida ta shanya shi kusa da murhu shafi-shafi, ta ce, "Maigida, na fensir ɗin nan duk sun tsira." Haka ne, bayanan gefe da na yi da fensir suna nan. Daga yau kwafin Helenanci da fensir zan yi, kuma kowane dare in ɗauki hoton shafin da waya. Gyaran kwano N2,500, sabon littafi N600. Darussa sun koma bakwai, zan haɗe na 1 Timoti 4 da na Romawa 8.

Asabar, 29 ga Yuni

Wurin Baba Rabaran kuma, N2,400. Na ba shi labarin saran gari ina murna. Ya ji daɗi, amma ya ja mini kunne: asalin kalma ba shi ne ma'anarta a kowace aya ba. Ya ce lokacin da Bulus yake rubutu, Bayahuden da ya ji ktizo halittar Allah yake ji kai tsaye, ba ya tsayawa tunanin garuruwan Helenawa, kamar yadda mu ba ma tuna Larabci in mun ce halitta. Ya kuma nuna mini cewa poieo ba ta fita aiki ba: a Ayyukan Manzanni 17:24 Bulus da ita ya ce Allah ya yi duniya. Don haka kada in koyar cewa ɗaya tsattsarka ce ɗaya ta kasuwa. Haka nan koyarwar cewa Allah ya yi kome ba daga wani abu ba, ba a cikin kalmar take kwance ba, daga ayoyi irin su Romawa 4:17 da Ibraniyawa 11:3 ake ɗauko ta.

Na karɓi wannan, amma ban saki misalin ba gaba ɗaya. Helenawa suna da wata kalma a shirye, demiurgos, gwanin sana'a, wadda Aflatun ya kira mai tsara duniya da ita. Masu fassarar Littafi sun kauce mata wajen maganar halitta. A Sabon Alkawari sau ɗaya ta fito, Ibraniyawa 11:10, a kan birnin da Ibrahim yake sauraro. Kuma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tunda a 1 Bitrus 2:13 ktisis tana nufin hukumar da aka kafa a cikin mutane. A ganina zaɓin da suka yi yana faɗin wani abu. Baba ya ce in rubuta shi a matsayin misali mai taimako, kada in mai da shi hujja. Mun tsaya a nan.

Laraba, 3 ga Yuli

Kolosiyawa 1:16, mutum 31. Kalmar ta zo sau biyu a aya ɗaya da siga biyu. Ta farko ektisthe, an halitta, abu ya faru an gama. Ta biyu ektistai, an halitta kuma yana nan a haliccensa har yanzu, ta wurinsa, dominsa. Na daɗe a kan wannan, don a nan ne na ga amfanin wahalar koyon sigogin aikatau.

Dab da tashi wani saurayi daga ƙungiyar matasa ya miƙe da wata 'yar takarda da aka ba shi a kasuwa. Ya ce, "Baba Malam, an rubuta a nan cewa Karin Magana 8:22 ta ce Ubangiji ya halicce ni, kuma Yesu ne ke magana. Ga shi Kolosiyawa 1:15 ta ce shi ɗan fari ne na dukkan halitta. Ashe shi ma halitta ne?" Ɗaki ya yi tsit. Na tuna ranar 12 ga Yuni, na ce masa ya ba ni mako guda.

Litinin, 8 ga Yuli

Dare huɗu a kan aya ɗaya, da ƙarin data N3,000. Ga abin da na samu.

Takardar ba ta yi ƙarya a kan Helenancin ba. Fassarar Saba'in ta ce kurios ektisen me, Ubangiji ya halicce ni. Hikima ce ke magana a surar, kuma masu bi na farko sun ɗauki Hikimar nan Almasihu ce. A kan wannan aya Ariyus, wani dattijon ikilisiya a Iskandariya, ya jingina koyarwarsa cewa Ɗan halitta ne, mafi girma dai, amma akwai sa'ad da babu shi. Rigimar ta kai har sarki Kwanstantin ya tara shugabannin ikilisiya a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 325. A can aka rubuta cewa Ɗan haifaffe ne, ba yin sa aka yi ba. Na lura kalmar da suka sa a wannan layi daga poieo take, abin da ya ƙara tabbatar da jan kunnen Baba.

A Ibrananci kuwa ba bara ba ce a ayar. Ƙana ce, wadda sau da yawa take nufin samu ko mallaka. Ita Hawwa'u ta faɗa a Farawa 4:1 da ta haifi Kayinu. Masu fassarar Helenanci na baya, su Akila, sun sa ektesato, ya mallake ni. Jerom ma, wanda ya fassara Littafi zuwa Latin, mallaka ya sa. Ektisen da ektesato, bambancin ya faro daga iyota da eta, haruffan nan biyu da suke rikita ni tun makon farko, amma tushensu daban ne. Sai dai gaskiya ita ce ƙana ɗin ce kuma a Farawa 14:19, inda ma'anar halitta ta zauna daram, don haka Ibrananci kaɗai bai kashe maganar ba. Abin da ya fi ƙarfi yana gaba kaɗan, a Karin Magana 8:25, inda Hikimar ta ce kafin tuddai aka haife ni. Waƙa ce, tana jera hotuna.

Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328 aka kuma kore shi daga kujerarsa har sau biyar saboda wannan batu, ya ce "ya halicce ni" tana nufin jikin da Ɗan ya ɗauka. Ina girmama shi ƙwarai, amma wannan bayani bai kwanta mini kamar hujjar Kolosiyawa kanta ba. Aya ta 16 ta fara da "gama": shi ɗan fari ne gama a cikinsa aka halicci dukkan abubuwa. Wanda aka halicci duka ta wurinsa ba ya cikin dukan. Ɗan fari kuma matsayi ne na magaji. A Zabura 89:27 Allah ya ce zai mai da Dawuda ɗan fari, alhali shi ne auta a gidan Yesse.

Laraba, 10 ga Yuli

Na ba da amsar, har da wurin da Ibrananci bai yanke ba. Saurayin ya nemi in rubuta masa ayoyin. Mutum 34.

Asabar, 13 ga Yuli

Na kai rubutun ɗan littafin wani shagon kwamfuta a gari. Yaron shagon ya buga, na biya N3,200 na gwajin shafi 16, ban duba ba sai a mota. Duk inda Helenanci yake, ƙananan akwatuna ne suka fito a jere. Ƙ da ɗ da ɓ ma haka, "ƙasa" ta zama akwati da "asa". Kwamfutarsu ba ta da salon haruffan da na yi amfani da shi a waya. Da mota, asarar yau N5,600. Ɗana ya ce in mai da shi PDF tun daga waya kafin in kai. Na kuma yanke shawarar barin haruffan Helenanci a bango da shafin farko kawai, sauran in rubuta da namu.

Laraba, 17 ga Yuli

Wannan ne darasin da na fara aikin dominsa. Zabura 51:10, inda Dawuda ya roƙi tsarkakakkiyar zuciya: a Ibrananci bara, a Helenanci ktison, ka halitta. Bai ce a wanke tsohuwar kawai ba a wannan layi, ya roƙi abin da Allah kaɗai ke iya yi. Daga nan muka je 2 Korantiyawa 5:17, kaine ktisis, sabuwar halitta, da Afisawa 2:10, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka da Allah ya riga ya shirya. Sai Kolosiyawa 3:10, wadda ta ce sabon mutumin ana ta sabunta shi bisa kamannin wanda ya halicce shi. Ana ta yi, ba a gama ba.

Baiwar Allahn nan tana zaune a layi na biyu. Na ce ranar da kakan Baba dattijo ya sari wurin nan, gari ya tabbata, ya sami mai shi, ya sami suna, amma kututture na nan, ƙaya na nan, an yi shekaru ana cirewa. Bayan an tashi ta ce, "Malam, to fushin nan kututture ne ke nan." Na ce haka na fahimta, kuma mai garin bai tashi ba.

Asabar, 20 ga Yuli

PDF ya yi. Haruffa duka sun fito. Bugu N3,200, mota N2,400. Na bar wa Baba Rabaran kwafin ya duba.

Laraba, 24 ga Yuli

Afisawa 2:14-15. Almasihu ya rushe katangar da ta raba, domin daga biyun ya halicci sabon mutum ɗaya, yana yin salama. Kalmomin nan biyu da na yi wata biyu ina bi suna cikin aya ɗaya: ktise ga sabon mutum, poion ga salama. Na ba su labarin shingen Haikalin Urushalima da ke hana al'ummai wucewa, da dutsen gargaɗinsa mai rubutun Helenanci da aka gano a 1871, wanda yake Istanbul yanzu. A nan ko Baba Rabaran ya yarda ƙamshin tsohuwar ma'anar yana tashi, domin a ƙarshen surar maganar 'yan gari ɗaya ake yi, ba baƙi ba.

Darasin ya yi nauyi. Akwai gida biyu a cikinmu da suka shekara uku ba sa gaisawa saboda iyakar gona, ɗaya na 'yan asalin garin, ɗaya na waɗanda suka zo daga baya. Ban ambaci kowa ba. Ɗaya maigidan ya fita kafin addu'ar rufewa, ɗayan ya zauna har kowa ya watse bai ce uffan ba. Gobe da yamma ni da Baba dattijo za mu je gidan na farkon.

Asabar, 27 ga Yuli

Lissafi: an kashe N27,200, ikilisiya ta ba da N10,000, sauran daga kuɗin wake ne da uwargida ta yarda a taɓa. Kwafi 40 na ɗan littafin za su ci kusan N16,000. Zumuntar mata ta ɗauki rabi, zan kai sauran gaban dattawa gobe bayan sujada.

Baba ya dawo da kwafin da gyara bakwai, biyar na rubutu, biyu na ma'ana. Ya soke inda na ce ktizo "tana nufin" saran gari ya mai da shi "ta taɓa nufin".

Saura darasin Laraba 31 ga wata: 1 Timoti 4:4, kowane ktisma na Allah mai kyau ne, da Romawa 8:19-22, inda dukkan ktisis take nishi kamar mai naƙuda. Yau kwana tara rabonmu da ruwa, masara ta fara naɗe ganye da rana. Ban gama fassara aya ta 20 ba, kalmar da aka juya "banza" tana bukatar dare guda ita kaɗai.